Garken Laka a Basunda

Ƙanen kakanmu ya bar Kano da niyyar aikin Hajji a ƙafa, a zamanin da mahajjaci kan yi shekaru a hanya, yana noma yana ƙara gaba. Ya sauke farali lafiya, amma da ya ƙetaro Bahar Maliya zai komo gida sai ya yada zango a gabashin Sudan, ya sari daji, ya yi aure, ya zauna can har ƙasa ta rufe masa ido. Mu labari kawai muka tarar. Sai da wayar hannu ta game duniya sannan jikokinsa suka lalubo mu ta hannun wani ɗalibi ɗan unguwarmu da ke karatu a Khartum. Aka yi ta gaisawa ta WhatsApp, ana aiko muryoyi da hotunan jarirai, har dattawan gidanmu suka ce abin ya isa haka, zumunta a ƙafa take. Ni aka ɗora wa tafiyar, a ƙarshen 2022, bayan ruwa ya ɗauke.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi. Jirgin cike yake da waɗanda suka saba da hanyar: ɗalibai masu komawa jami'a, mata 'yan kasuwa masu saro turaren wuta da lalle, sai marasa lafiya da 'yan rakiyarsu, don a lokacin mutanenmu da dama Khartum suke zuwa ganin likita. Tafiyar da ta ci wa kakanninmu shekaru, mu cikin 'yan sa'o'i muka gama ta. Batun biza da rajistar baƙi da takardar izinin shiga jihohi kuwa, an cika, an buga hatimi, an wuce wurin.

Kuɗinsu ne ya fara ɗaure mini kai. A farkon 2021 gwamnati ta karya darajar fam, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a rana guda, lokacin da na je kuma ta haura 570. 'Yan daloli kaɗan na canza, aka miƙo mini ƙunshin takardun da aljihu ba ya ɗauka. Ɗan kewayayyen burodinsu, wanda ƙarin kuɗinsa daga fam 1 zuwa 3 ya tayar da zanga-zangar Disambar 2018 da ta yi awon gaba da mulkin Umar al-Bashir, fam 50 na saye shi. Duk wanda ka zanta da shi, kafin hira ta yi nisa sai ta gangara kan tsadar rayuwa, yadda muke yi a gida.

Sai dai tsadar ba ta sa sun maƙe hannu ba. A gindin kusan kowace bishiya akwai mace da kurfotinta da 'yan kwalabe na citta, kanumfari, kirfa da na'a-na'a, mutane na zaune kan ƙananan kujeru ana kurɓar shayi ko gahawa. A wurinmu sana'ar mai shayi ta maza ce, ga burodi ga ƙwai ga taliya. A can ta mata ce, kuma shayin ne kawai sai hira. Na sha miƙa kuɗi a ce mini wani da ya tashi ɗazu ya riga ya biya, mutumin da ko sunansa ban ji ba. A ƙofar gidaje ga randuna jere da moɗa don mai wucewa. Ba sa karyawa sai hantsi ya dubi ludayi, kuma wake ne dafaffe da suke kira ful, a dama shi da man riɗi da albasa a babban kwano, kowa ya tsoma burodinsa, wanda ya zo wucewa a ce masa bismillah. Da dare na bi ƙamshi har teburin masu agashe, naman da Hausawan Sudan suka yi suna a kansa, da ƙulinsa da yajinsa irin na tsiren Kano. Nan na fara jin Hausa a bakin mutanen da ba su taɓa ganin Dala ba.

A lokacin, motar Gadarif daga babbar tashar Khartum da suke kira Mina al-Barri take tashi. Doguwar bas ce mai sanyi, kowa da lambar kujerarsa a jikin tikiti, kuma ta tashi a kan lokacinta ba tare da jiran sai ta cika ba. Tafiyar kilomita 410 ce ko kusa da haka. Allah ya haɗa ni kujera da wani saurayi malamin zane a wata sakandare, wanda ya yi kwalejin zane-zane a Khartum. Larabcina na Islamiyya da Turancinsa na jami'a suka haɗu suka ishe mu hira. Da ya ji daga Najeriya nake sai ya tambaye ni ko na san Ibrahim al-Salahi, ya ce ai a Ibadan, a zauren Mbari, aka fara baje zanensa a ƙasarmu tun farkon shekarun 1960. Kafin in amsa har ya ciro waya.

Abin da ya nuna mini ba manyan alluna ba ne. Kwalayen magani ne da aka warware, da ambulan, da takardun da ake liƙa wa kwalbar ƙwaya, an cika bayansu da zanen baƙar tawada: fuskoki masu dogon haɓa, tsuntsaye, bishiyoyi, da layukan da suka ɗauko siffar harufan Larabci. An haifi al-Salahi a Umdurman a 1930, ɗan malami ne, kuma adon allon makarantar mahaifinsa yana cikin abin da ya gina hannunsa. Ya yi karatu a Landan. A 1975 gwamnatin Numairi ta kulle shi wata shida a kurkukun Kobar ba tare da shari'a ba, inda ya riƙa zane a kan yagaggun takardun buhun siminti yana binnewa a rairayi don kada masu gadi su gani. A 2013 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya baje aikin rayuwarsa kaf, shi ne ɗan Afirka na farko da aka yi wa haka a wurin. Da tsufa ya zo masa da ciwon jijiyar baya da cutar karkarwa ta Parkinson, tsayuwa gaban babban allo ta gagara, sai ya zauna a kujerarsa a Ingila ya juya kwalayen magungunan da yake sha ya ci gaba da aiki a kansu. Tun wajen 2016 yake yi, sun kai ɗaruruwa, kuma ya sha bayyana cewa muddin alƙalami na hannunsa mancewa yake da ciwon. A daidai lokacin da muke cikin motar nan ana baje su a New York, an buɗe tun Oktoba. Na daɗe ina kallon wani kwali da har yanzu ana iya karanta sunan ƙwayar a gefensa. Tunanina ya tafi ga 'yar ƙanwata mai sikila a gida, da tarin kwalayen da uwarta ke sharewa duk wata.

Ta taga kuwa gonakin Jazira ne ke wucewa, aikin noman ranin da aka buɗe a 1925 da ruwan madatsar Sinnar. A Wad Madani muka tsaya salla da cin abinci, muka haye gadar Hantub a kan Shuɗin Nilu. Da kudu muka miƙe da mun isa Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Mu gabas muka nufa. Bayan duwatsun Fau ƙasa ta baje ta yi baƙi, dawa ta miƙe har iyakar ganin ido. Tun shekarun 1940 ake noman tarakta a wannan yanki, kuma gonar mutum ɗaya kan kai fadan 1,000, alhali fadan guda ya ɗan ɗara eka. Manomin Ɗanbatta da zai ga wannan fili, sai ya riƙe baki.

Gadarif gari ne na dawa da riɗi. Tun daga nesa kake hango dogon rumbun siminti na gwamnati, kasuwar amfanin gona kuma gwanjo ake yi a cikinta buhu-buhu. Har a tsakiyar gari za ka ga ɗakunan ciyawa masu tsinin kai a bayan katangar bulo. Na kwana a wani ƙaramin masauki da ake jera gadajen igiya a tsakar gida, kowa ya kwanta yana kallon taurari, kuɗin kwana bai kai na abincin rana biyu ba. Abin da ke da tsada a garin ruwa ne. Amalanken jakai ke yawo da shi a ganga, irin yadda 'yan garuwa ke yi mana. Man riɗi kuwa araha, na ga inda raƙumi da ido a ɗaure yake zagaya turmi yana matse shi, ƙamshin ya cika layin.

Da safe ɗan Baffana, jikan ƙanen kakan namu, ya zo ɗaukata. Muka rungume juna a bakin titi, yana cewa "Yaya, Yaya, yau Allah ya yi," ni kuma ina ganin goshin mahaifina a fuskarsa. Muka bi kwaltar da ta nufi Gallabat a kan iyakar Habasha, garin da mahajjatan Afirka ta Yamma suka taɓa riƙewa, inda kuma aka yi gumurzun 1889 da Sarkin Habasha Yohannes ya rasa ransa a hannun dakarun Mahadi. Bayan Doka muka bar kwalta, muka hau bayan wata a-kori-kura da buhunan sukari da mata da awaki. Hanyar da damina ba ta biyuwa sai da tarakta. Yanzu da ta bushe, laka ta tsattsage, wata tsagar hannu na shiga har gwiwa. Hagu da dama bishiyoyin talha ne masu jan jiki, da aduwa irin tamu.

Ƙanen nawa ya nuna tsagogin ya ce, "Yaya, ka ga maƙiyinmu nan yake kwana." Wani ɗan mitsitsin ƙuda yake nufi, wanda bai kai sauro ba, yana ɓuya a tsagar laka da gindin talha da aduwa, ya fito da dare a watannin bazara ya ciji mai kwana a waje. Cizon nan ne ke kawo kala-azar. Ba a ganin komai sai bayan watanni, shi ya sa asibitoci ke cika bayan damina, daidai lokacin girbi. Zazzaɓi ne da ba ya jin maganin maleriya, saifa ta kumbura, jini ya ƙare, mutum ya rame, kuma in ba a yi magani ba kusan kowa mutuwa yake. Yara ta fi kamawa. Jihar Gadarif, musamman ƙauyukan bakin kogin Rahad da Atbara, tana cikin wuraren da cutar ta fi ƙamari a duniya. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun buɗe cibiya a Um al-Kher tun 1996, daga baya a Tabarakallah, a Doka ma akwai cibiyar bincike mai sunan Farfesa Ahmad Muhammad al-Hassan. Da can allura ake yi kwana 30 a jere. Gwaje-gwajen da aka yi a nan jihar da Habasha da Kenya da Yuganda suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2010 da haɗa magani biyu, kwanakin suka dawo 17. Amma allura biyu ce kullum, kuma mai zafi ce.

Da la'asar sakaliya muka shiga Basunda, garin 'yan uwan namu. Ban san ta ina labari ya riga mu ba, sai ga mutane cike da ƙofar gida. Baffa na zaune kan gadon igiya da sandunansa a gefe, ya kama hannuna ya ƙi saki, yana jero sunayen unguwannin Kano da ya ji a bakin mahaifinsa, yana tambaya ko suna nan. Aka yanka rago duk da na roƙa a bari. Aka kawo tuwon dawa mai laushi da miyar busasshiyar kuɓewa, da kisra, wata siririyar waina mai tsami da ake shimfiɗawa a faranti, da godo-godo na gero da nono wanda da kaɗan ya bambanta da furarmu. Maƙwabta kowa ya aiko da tire, Hausawa da Masalit da Larabawa, har na rasa na wanda zan taɓa. Hausarsu tsohuwa ce mai daɗi, da Larabci a tsakiyarta, kuma yara sun fi sakewa da Larabcin.

Ana cikin hira na lura ba a kawo mini ɗan ƙanwata ta nan Basunda ba, wanda ya fi kowa aiko mini murya a waya. Inna ta ce yana asibiti, kala-azar ce, an ɓoye mana ne don kada hankalinmu ya tashi.

Washegari muka je. Lokacin cikar asibiti ne, masu jinya har ƙarƙashin rumfuna da bishiyoyi, iyaye mata na girki a kan duwatsu uku. Maganin kyauta ake bayarwa. Abin da ke cin iyali shi ne kuɗin mota daga ƙauye, da abinci, da hannun da aka rasa a gona ana tsakar girbi. Na tarar da yaron, ɗan shekara bakwai, zaune kan tabarma, haƙarƙarinsa duk a waje, ciki ya yi tulu. A gabansa an jera shanu na laka, kowace da tozonta da ƙahonin ƙayar talha, wata har da ɗan maraƙi a gindinta.

"Kawu, ƙirga mini su."

Na ƙirga, goma sha ɗaya.

"Saura shida in tafi gida."

Uwarsa ta ce, "Yaya, ranar farko sai da mutum uku suka danne shi. Da ya hango farar riga sai ihu, abinci ma ya ƙi." Wata tsohuwa Bamasalita da ke jinyar jikanta a tabarmar kusa ce ta aika aka ɗebo laka daga rafi, ta ce masa duk ranar da aka yi masa allura ya ƙera saniya ɗaya, in garke ya cika 17 an sallame shi. Tun daga nan da kansa yake zuwa layi, yana kuka amma yana tafiya, ya dawo yana ɗingishi ya zauna kan lakarsa. Na zuba masa ido yana ƙera ta goma sha biyu. Ya murza laka a tafin hannu, ya ja wuya, ya tsuke baki yana daidaita ƙafa ta huɗu da ta ƙi tsayuwa, ya tofa ɗan yawu ya shafe tsaga. Duk tsawon lokacin nan bai taɓa wurin allurar ba ko sau ɗaya.

Abin ya yaɗu a rumfar. Wani ya yi tarakta da ƙafafun laka da gatarin kara, wata yarinya ta jera tukwane da murhu, wani kuma ya ƙera likita riƙe da sirinjin da ya fi shi tsawo, kowa ya zo yana dariya, har likitan. Wata nas ta gaya mini cewa tana gane mai samun sauƙi tun kafin a auna shi: yaron da ya farka ya nemi laka, ranar zai nemi abinci.

Kala-azar ba ta cika tafiya salin-alin ba. A Sudan kusan rabin waɗanda suka warke, bayan 'yan watanni sai ƙuraje su feso musu, su fara daga gefen baki su bi fuska da ƙirji. Yawanci sukan baje da kansu cikin shekara, na wasu kuwa sukan daɗe har sai an koma allura. Akwai wata budurwa a gidan Baffa da nata suka daɗe. Inna ta ce ta yi watanni ba ta leƙa ƙofar gida, ta daina zuwa biki, in baƙi sun shigo ta shige ɗaka ta ja mayafi. Tana zaune a ɗakin ne ta fara zane da biro a bayan kwalin shayi, furanni da ganyaye da sarƙaƙƙun layuka. Inna ta gani, ta kwaɓa lalle ta miƙa mata hannunta ta ce, "Yi mini a nan, 'yar nan, kwali ba ya zuwa suna." A wurin sunan mata suka yi ta kama hannun tsohuwa suna tambayar wa ya yi. Lokacin da na je, ranar Alhamis tsakar gidan ba ta da masaka tsinke, amare da ƙawayensu na jiran layi. Ƙurajen na nan a fuskarta, ba su gama bajewa ba, amma mayafin na kafaɗa, tana ba wata umarni ta daina motsa ƙafa. Matan Kano da ke biyan kuɗi mai yawa don lallen Sudan, da sun ga hannun yarinyar nan da sun yi mata layi su ma.

Wanda na fi daɗewa tare da shi Baffa ne. Ƙaya ce ta soke shi a gona shekaru da suka wuce, wurin ya kumbura ba zafi, ya yi ta noma a kai. Cutar da suke kira madura ce, mai cin nama har ƙashi a hankali. A wancan lokacin a Soba da ke Khartum akwai cibiyar da Farfesa Ahmad Hassan Fahal ya kafa a 1991 musamman dominta, sai dai kafin Baffa ya isa can ta riga ta ci ƙashi, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Manomin da bai san zama ba ya wayi gari a kan gado. 'Ya'yansa sun ce shekarar farko ko magana ba ya so. Abin da ya dawo da shi cikin mutane zayyana ce, wadda ya koya yana almajiri ya watsar. Yanzu duk yaron da zai yi sauka a makarantun allon yankin, wurinsa ake kawo allo. Na zauna ina kallo yana dama tawada da baƙin tukunya da ƙaron talha, ja daga jar ƙasa, shuɗi daga bular wanki. Ya fere alƙalamin kara, ya ja layi huɗu ba tare da abin awo ba, ya shiga cika tsakiya da ƙananan dara da kusurwoyi, numfashinsa na bin hannunsa.

Ya ce, "Ɗana, ƙafar da aka binne har yau takan yi mini ciwo da dare. In na kunna fitila na ɗauki alƙalami sai ta yi shiru."

Na ba shi labarin al-Salahi da kwalayensa. Ya yi murmushi ya ce ashe ɗan malam ne, to ai ba mamaki.

Wani dare na jiyo kiɗa daga bayan gari, aka ce zar ake yi wa wata mata da ta daɗe tana ciwo, abin da ya yi kama da borinmu. Baffa ya kawar da kai, ni ma ba na tare da kiran iskoki. Amma Dakta Tijjani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda ya rasu a 1970, bai raina nazarin wannan al'ada ba, kuma ina ganin dalilinsa. Mai doguwar jinya yana buƙatar ranar da za a taru dominsa, ya motsa, a saurare shi. In ba a ba shi ta hanya mai kyau ba, zai nema inda ya samu.

Kada a fahimce ni a karkace. Laka ba ta kashe ƙwayar kala-azar, allura ce ke kashe ta. Lalle bai baje ƙuraje ba, zayyana ba ta mayar da ƙafa ba, kuma duk wanda ya ce a bar asibiti a kama zane ya cuci mara lafiya. Abin da na gani shi ne doguwar jinya ciwo biyu ce. Akwai na jiki, akwai kuma na zama: yini ya yi tsawo, mutum ya zama sai abin da aka yi masa, a juya shi, a soka masa, a ba shi, a yi masa sannu. Aikin hannu na ɗauke hankali daga zafi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma abin da ya fi shi ne yana mayar wa mutum wani abu da shi ke da iko a kansa, yana kuma jawo mutane su zo wurinsa don abin da ya iya. Turawa sun mai da wannan fanni na ilimi. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa masa suna a 1942 bayan ya yi jinyar tarin fuka yana zane a gadon asibiti, ya kuma koya wa sauran majinyata. A 2019 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoton da ya tattara rubuce-rubucen bincike sama da 900 kan zane da kiɗa da waƙa da rawa a harkar lafiya. Tsohuwar da ta aika a ɗebo laka ba ta karanta ko ɗaya ba.

Mu fa? Ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara a Najeriya. Mai wankin ƙoda na kwanciya wajen sa'a huɗu a jikin na'ura, sau biyu ko uku a mako. Mai tarin fuka wata shida yake shan magani. Kuma ba sana'ar hannu muka rasa ba: ga ɗinkin hula, ga saƙar faifai da tabarma, ga zayyana, ga lalle, ga rubuta waƙa, ga matan da suka rubuta littattafai daga cikin ɗakunansu. Cibiyoyin masu yoyon fitsari a Kano da Katsina sun daɗe da gane amfanin koya wa mata saƙa da ɗinki yayin da suke jiran aiki ko warkewa. Amma a yawancin ɗakunan jinyarmu, dubiya ita ce lemo da ayaba da madara, a yi addu'a, a tashi, a bar mutum da kallon silin har gobe. Mukan ma hana shi, mu ƙwace allurar ɗinki daga hannunsa mu ce ya huta. Tausayi ne, na sani, amma wani hutun ƙara ciwo yake.

Yaron ya cika garkensa kafin in baro garin, aka sallame shi, aka kwaso shanun a kwali. Suka haɗa mini guzurin man riɗi da zoɓo da ƙaro, Baffa ya ba ni allo guda in kai wa dattawan gida. Na biyo hanyar da na zo, Doka, Gadarif, Wad Madani, Khartum, Kano. 'Yan watanni bayan haka, ranar 15 ga Afrilun 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum. A Disambar shekarar ya ci Wad Madani, jama'a suka kwarara Gadarif da abin da suka iya ɗauka. Basunda ba ta ga faɗan ba, amma ta ga tsadarsa, kuma ƙudan na nan a tsagar laka yana jiran bazara. Mu sa su a addu'a.

Ga shugabannin asibitocinmu, roƙona kaɗan ne: tabarma ɗaya a ɗakin yara, da takarda da fensir mai launi, da wani mai haƙuri da zai zauna da su sa'a guda. Kai kuma mai karatu, in za ka je dubiya a wannan makon, ka tambayi mara lafiyar abin da hannunsa ya iya kafin ya kwanta. In zare da allura ne, ko littafi da biro, ko ƙullin lalle, ka saya ka haɗa da lemon. Kuɗinsu bai kai na gwangwanin madara biyu ba.